Hilux mai shan dizal a hanyoyin Kaduna: ƙananan kayan sauƙaƙawa da lissafin mai

Mafi yawan motocin Hilux da ke yawo a cikin garin Kaduna, musamman na ma'aikatun gwamnati da na jami'an tsaro, fetur suke sha, kuma injinsu shi ne mai lita 2.7 ɗin nan da kowane bakanike ya san cikinsa da wajensa. Dalilin haka a fili yake. Shekara da shekaru gwamnati na biyan tallafi a kan fetur, alhali dizal an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, saboda haka wanda ya sayi a-kori-kura mai shan dizal a wancan zamani sai a riƙa yi masa kallon wanda bai iya lissafi ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin, tazarar da ke tsakanin farashin man biyu ta ragu ƙwarai, sannan a watan Afrilun 2024 matatar Dangote ta sauke farashin litar dizal daga naira 1,200 zuwa naira 1,000 ga dillalai. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da manoma da yawa suka fara tambayar abin da a da ba su damu da shi ba, wato ko mai dizal ɗin ta fi sauƙin riƙewa.

Wadda nake amfani da ita mai ƙofa huɗu ce, mai giyar hannu shida, daga cikin samfurin da kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 2015. Injinta shi ne mai lita 2.4 da ake kira 2GD, mai ƙarfin doki kimanin 150, tankinta kuma yana cin lita 80. Harkata ta hatsi da kayan noma ce, don haka rayuwar motar tsakanin Kaduna da Pambeguwa da Saminaka take, wani lokaci Zariya da Soba, sai kuma zirga-zirgar cikin gari. Ya kamata mai karatu ya lura cewa Hilux hawa-hawa ce, kuma abin da aka saka wa wadda aka ƙera don kasuwar Dubai ba lallai ne a same shi a wadda aka ƙera don Afirka ta Kudu ko Turai ba.

Game da shan mai, abin da na gani ya gamsar da ni. Idan babu kaya a baya, kuma aka riƙe ta tsakanin kilomita 90 da 100 a awa a kan hanyar Zariya, tana cin wajen lita takwas a kowace kilomita 100, wato lita ɗaya na kai mutum kilomita goma sha biyu ko sama da haka kaɗan. Da buhunan masara a baya kan hanyar Saminaka, abin yakan tashi zuwa wajen lita goma, haka ma a cunkoson yamma tsakanin babbar kasuwa da gadar kogin Kaduna. Abokan sana'ata masu irinta ta fetur sukan ƙone lita goma sha biyu zuwa sha uku a tafiyar da ni takwas ko tara ke isata. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi da fiye da kashi goma cikin ɗari, kuma injin dizal ya fi matse iska kafin ya ƙona mai, ga shi ƙarfin jan kayansa yana zuwa tun injin na juyi ƙasa da 2,000 a minti, ba sai an taka totur ya yi ta ƙara ba. Tanki ɗaya cikakke yana iya kai mutum Abuja ya dawo da shi sau biyu, idan ya yi tuƙi da natsuwa.

Sai dai wannan rangwamen ba a kulle yake a cikin injin ba, halin direba ne ke tabbatar da shi ko ya zubar da shi. A nan ne nake ganin darajar ƙananan abubuwan da masu sayar da mota ba su cika ambata ba, domin su hankalinsu yana kan fenti da kujerun fata.

Na farko a wurina shi ne ɗan allon da ke tsakanin agogunan gaban direba, wanda ke nuna matsakaicin man da mota ke sha da kuma nisan da ragowar man zai kai ta. Duk mai motar da ke ba direba mabuɗi ya kamata ya koyi karanta shi. Wanda ya taɓa zama a kasuwar Saminaka a watan Maris ko Afrilu ya san yadda abin yake: ana awo, ana ɗinke buhu, 'yan dako na lodi, rana ta take, direba kuwa yana kishingiɗe a cikin mota, gilashi a rufe, inji na aiki, na'urar sanyaya iska na busawa. Motar ba ta motsa ko taku ɗaya ba, amma lambar da ke kan allon tana ta hawa a hankali, domin injin irin wannan yana ƙone abin da ya kai lita guda a kowace awa idan yana tsaye da na'urar sanyi a kunne. Awa uku na jiran lodi sun cinye man tafiyar fiye da kilomita talatin ke nan. A tsofaffin motoci ba a ganin wannan asarar sai a ƙarshen wata, lokacin da mai mota zai fara zargin direba da zuƙe mai, alhali bawan Allah bai saci ko ɗigo ba, zafi kawai ya guje wa. Allon ya kawar da wannan zargin tsakanina da direbana, domin yanzu magana a kan lamba ake yinta, kuma mun daidaita cewa idan jira zai yi tsawo a nemi inuwa a kashe inji. Ƙiyasi dai allon yake yi, kamar na kowace mota, don haka yana da kyau lokaci zuwa lokaci a cika tanki fal, a rubuta kilomita, a sake cikawa bayan tafiya, a gwada lissafin hannu da nasa.

Akwai maɓallai biyu kusa da giya, ɗaya an rubuta masa ECO, ɗayan PWR. Na farkon yana sassauta yadda inji ke amsa totur, yana kuma rage ƙarfin na'urar sanyi kaɗan, na biyun kuma yana sa motar ta zabura da zarar an taɓa ta. A cikin gari ECO yana da amfani, musamman ga direba mai nauyin ƙafa, amma kada a zaci zai yi abin al'ajabi a kan babbar hanya. Can gudu ne ke yanke hukunci, domin turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, kuma a-kori-kura doguwa ce mai faɗin goshi. Bambancin tafiya a kan 100 da tafiya a kan 130 yana fitowa ƙarara a kan allon tun kafin a kai Jaji.

Abu na biyu, wanda da za a ce in zaɓi ɗaya tak shi zan ɗauka, shi ne fitilar gargaɗin ruwa a cikin mai. Filtar dizal ɗin motar tana da ɗan kofi a ƙasanta inda ruwa ke kwantawa, tun da ya fi mai nauyi, kuma idan ya taru sai fitila ta kama a gaban direba. Da damina ta taɓa kama mini jim kaɗan bayan na sha mai a wani ƙaramin gidan mai na bakin hanya. Bakanikena a kasuwar Panteka ya sa tsohuwar robar ruwa a ƙarƙashin filtar, ya sassauta ɗan famfon da ke gindinta, ya riƙa danna famfon hannu da ke samanta, sai ga ruwa mai launin tsatsa yana fitowa kafin dizal mai tsabta ya biyo baya. Ya ɗaga robar sama, ruwan ya kwanta a ƙasa, man ya tsaya a kansa, layin da ya raba su a bayyane. Ya ce da ni, "Alhaji, wannan 'yar fitilar ce ta raba ka da sayen nozul huɗu. Duk ranar da ta kama ka tsaya, kada ka ce bari in ƙarasa gida." Gaskiya ya faɗa, domin injinan zamani suna fesa mai da matsin da ya kai kusan ninki dubu na iskar da ke cikin taya, kuma dizal ɗin da kansa ne ke zame wa famfon mai da nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, man shafawa. Ruwa kaɗan ya isa ya cinye su, nozul ɗin da ya lalace kuwa yana fara ɓarnar mai da baƙin hayaƙi tun kafin motar ta tsaya.

Ɗan murfin da ake murɗawa don shigar da tayoyi huɗu aiki shi ma ya cancanci yabo. A tsofaffin motoci sai an ja wata ƙaramar giya, a wasu ma sai an sauka cikin taɓo an kulle tayoyin gaba da hannu, shi ya sa direbobi kan bar su a kulle duk damina. Yanzu ana murɗawa zuwa H4, inda tayoyi huɗu ke ja, a bakin laka, ana fita a mayar H2, inda na baya kawai ke ja, kuma fitila na tunatar da wanda ya manta. Tafiya a H4 a kan busasshiyar kwalta ɓarnar mai ce da wahalar da ƙarafa.

Sauran kayan jin daɗin ba su taɓa tanki, amma suna rage gajiyar tafiya. Mariƙin kofi da ke fitowa a gaban ƙofar iskar sanyi yana riƙe robar ruwa da sanyinta har a isa. Kujerar baya tana ɗagewa, sai a sami wurin ajiye irin shuka ko injin feshi a cikin mota maimakon a bar su a rana. Akwai mariƙi a jikin ginshiƙin ƙofa, wanda darajarsa ba ta bayyana sai ranar da za a ɗauki dattijo ko tsohuwa, domin motar tana da tsawo daga ƙasa. Kyamarar baya kuwa ina ɗaukarta abin tsare rai, ba ado ba, a unguwannin da yara ke wasa a ƙofar gida, sai dai da hunturu ƙura na rufe idonta, dole a riƙa gogewa. Idan babu kaya, bayan motar yana tsalle a kan gargada, kuma wannan halin kowace a-kori-kura ce mai sifirin ɗaukar nauyi, wanda ke neman laushin mota ƙarama ba zai same shi a nan ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan ƙawar da mutane ke ƙarawa bayan sun saya. Ana ɗaura ƙaton ƙarfe a gaba, a kafa wani a bayan kai, a jera fitilu a rufi, a cire tayoyin kamfani a sa manya masu ƙwanƙwasa, sannan a dawo ana kukan mota na shan mai. Kowane ɗayansu nauyi ne ko tare iska, manyan tayoyin kuma har lissafin kilomita suke rikitawa, domin agogo zai nuna ƙasa da abin da aka yi tafiya. Haka nan iskar taya: adadin da kamfani ya tsara yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, na lokacin lodi daban, na lokacin da babu kaya daban, amma sau da yawa mai faci da ido yake aunawa. Ma'aunin iska na aljihu bai kai kuɗin 'yan litocin mai ba, kuma ya fi ƙarfen gaban amfani nesa ba kusa ba.

Mai niyyar sayen ta hannu ya yi hattara da waɗanda aka shigo da su daga Turai. Suna zuwa da matatar toka a cikin salansa, wasu kuma da ƙaramin tanki na ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi, kuma an tsara su ne don dizal mai ƙarancin sinadarin salfa sosai, irin wanda Turai ta wajabta tun 2009. Matatar tana buƙatar doguwar tafiya da zafi kafin ta ƙone tokar da ta tara, kuma tana yin hakan ne da ƙarin mai, don haka gajerun tafiye-tafiyen cikin gari suna toshe ta. Ko a Ostareliya, inda man ke da tsabta, wata kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa wannan matatar tana da matsala a motocin Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin 2015 da 2020. Wanda aikinsa bai wuce daga Unguwar Rimi zuwa ofis ba, mai fetur ta fi dacewa da shi, domin ba zai yi tafiyar da za ta mayar masa da bambancin kuɗin saye da na gyara ba.

Akwai Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 da Ford Ranger masu shan dizal, akwai kuma Peugeot Landtrek da ake haɗawa a nan Kaduna, amma a yanzu babu wadda ta kama ƙafar Hilux wajen samun kayan gyara a Panteka da masu gyaran da suka saba da ita. Duk wadda mutum ya zaɓa, ya nemi a tayar masa da ita da sassafe tun injin na da sanyi, ya tsaya a baya ya dubi launin hayaƙin, ya tabbatar fitilar ruwan mai tana kamawa tare da sauran fitilu idan an murɗa mabuɗi, domin akwai masu cire wayarta. Bayan haka ya goge lissafin da ke kan allon ya fara daga sifili, ya tuƙa ta da kansa zuwa Maraban Jos ya dawo, ya karanta lambar kafin a fara maganar ciniki.