Sola da batir a ɗakin sanyinmu: abin da na gani cikin shekara guda da rabi

Ƙarfe huɗu saura kwata na asuba wayata ta yi ƙara. Maigadi ne. Ya ce, "Alhaji, injin ya tashi da kansa." Dare na uku ke nan da gama haɗa mana sola, kuma wanda ya sayar mini da kayan ya tabbatar mini cewa janareto zai huta sai dai a riƙa ɗumama shi ranar Juma'a. Na tashi zaune na buɗe manhajar da suka saka mini a waya, sai na ga batir ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100. Ban koma barci ba. Na yi ta lissafin miliyoyin da na zuba har aka kira sallah.

Sana'ata kifin ƙanƙara da kaji, a nan Kano. Muna da ɗakunan sanyi biyu, da injin yin ƙanƙara, da famfon rijiyar burtsatse, sai fitilu da fankokin ofis. Duk wanda ya san wannan harka ya san cewa wuta ita ce jarin. Katan ɗin kifi in ya saki sau ɗaya aka sake daskarar da shi, mai saye na ɗaga leda zai gane, don ruwan jini ya riga ya kwanta a ƙasan kwalin. Shi ya sa shekara da shekaru janaretonmu mai kVA 60 yake shan gas lita 70 zuwa 80 a rana. Da litar ta haura naira 1,000, sai ya zama ribar da muke samu a kifi gidan mai muke kai wa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ce sun fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga wajen 68. Layinmu na cikin rukunin. Daga baya an ɗan sassauta, amma ba a koma kusa da inda aka taso ba. A wannan watan na yanke shawara. Na sayar da wani fili, na haɗa da abin da ke hannu, aka yi aikin a watan Yuli.

Sola ba baƙuwa ba ce a Kano. Mun ga yadda aka haɗa wa shagunan Kasuwar Sabon Gari tun 2018, mun kuma ga ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019. Amma shagon da ke kunna fanka da fitila daban, ɗakin da kwamfiresonsa, wato injin da ke sanyaya shi, ba ya barci daban. Mu dare ne matsalarmu, kuma maganar dare maganar batir ce.

Abin da aka haɗa mana shi ne farantan sola 110 masu wat 550, wato kusan kilowat 60 a kan rufi, da inbata, wato na'urar da ke juya wutar farantai da ta batir ta zama irin wadda injina ke ci, mai kilowat 50 mai layi uku, da baturan litiyam guda 20 irin waɗanda ake kira LiFePO4. Kowane ɗaya yana ɗaukar yunit 5.12, jimilla 102 da ɗoriya. Duka aikin ya ɗan haura naira miliyan 65, kuma batura kaɗai sun cinye kusan rabi. Farashin da suka ba ni a takarda na mako guda ne, saboda kayan da dala ake shigo da su.

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don akwai inda zan yaba musu akwai inda zan yi ƙorafi, kuma har yanzu muna tare.

Da gari ya waye a ranar nan na kira injiniyansu, ba mai tallan ba. Saurayi ne mai haƙuri. Ya zo da wata mita mai kama da hantsaki, ya maƙala ta a wayoyinmu, ya kwana biyu yana ɗaukar lissafi. Sannan ya zaunar da ni a kan benci da biro da bayan kwalin kifi. Ya ce, "Alhaji, kilowat daban, yunit daban. Kilowat faɗin bakin famfo ne, yunit kuwa ruwan da ke cikin tanki. Tankinka 102 ne, amma ba ma bari a shanye shi ƙarƙaf, kusan 92 za ka mora. Da dare kayanka suna jan sama da kilowat 9 a kowane lokaci. Raba ka gani." Na raba. Awa goma bai cika ba. Daga shida na yamma, ƙarfe huɗu saura ke nan daidai. Batir bai yi laifi ba, abin da ke cikinsa ya bayar.

A nan ne babban ƙorafina yake. Wannan awon da aka yi bayan na biya kuɗi, kafin in biya ya kamata a yi shi. Mai tallan ya zo ne ya leƙa jikin injinan, ya kwafi lambobin da ke rubuce, ya tambaye ni awa nawa muke aiki, shi ke nan ya tafi ya turo farashi. Duk mai masana'antar da za a haɗa wa sola, in ba a maƙala masa mita ta kwana aƙalla mako guda a wayoyinsa ba, to da ka aka yi masa lissafi. Ni ma da laifina, don jin mai tallan ya ce wuta "awa ashirin da huɗu" ya yi mini daɗi ban tsaya na nemi a nuna mini a rubuce ba.

Na ɗauka maganin shi ne ƙaro batura, wato ƙarin miliyoyi. Injiniyan ya ce in dakata. Ya tambaye ni, "Me ya sa kuke yin ƙanƙara da dare?" Na ce haka muka saba, don da dare ne wutar layi ta fi zama. Ya ce to yanzu rana ce mai zama. Muka mayar da injin ƙanƙara daga tara na safe zuwa huɗu na yamma, famfon rijiya ma haka. Sannan ya gyara saitin ɗakunan sanyi. Kifi digiri 18 ƙasa da sifili yake buƙata. Da tsakar rana, lokacin da farantai ke bayar da wuta har ta yi yawa, sai a tura sanyin ya kai 23 ko 24 ƙasa da sifili. Da dare a bar shi ya hauro a hankali zuwa 18 kafin kwamfireso ya motsa. Tan-tan na daskararren kifi ba ya sakin sanyi da wuri, shi ma ajiya ce, kuma ba a saye shi da dala a matsayin batir ba. Muka ƙara da labulen roba a ƙofofi, muka hana buɗe ɗaki bayan isha'i sai da dalili. Abin da muke ja da dare ya sauko wajen kilowat 6 da rabi. Yanzu batir yana kai mu har rana ta ɗago. Wannan shawara kaɗai ta biya ni haushin asubar nan, kuma bai karɓi ko sisi a kanta ba.

Yarana ba su so canjin ba da farko, musamman masu sauke kaya da suka saba mota ta iso tsakar dare a buɗe ɗaki a bar shi a wangale. Sai da na riƙa nuna musu a waya yadda layin batir ke gangarawa duk lokacin da ƙofa ta daɗe a buɗe.

Wata matsalar ta makon farko ita ce ɗaukewar inbata. Kwamfireso idan zai tashi yana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita. Janareto yakan yi gurnani ya jure, inbata kuwa kare kanta take yi ta yanke. Duk lokacin da biyun suka tashi tare sai komai ya mutu. Sun saka na'urar da ke tayar da injin sannu a hankali, da agogon da ke hana su tashi lokaci guda. Tun daga nan ba ta sake ba. Sai dai ni na biya kuɗin na'urar, alhali tun farko ya kamata ta shiga lissafi.

Ranar da na san ban yi asarar fili ba ta zo a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata babban layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke haurowa ta Makurdi zuwa Jos ya samu matsala, yawancin Arewa ta shiga duhu fiye da mako guda. Na ga abokan sana'a suna karyar da kaya, na ga masu neman jarkar gas ido rufe. Mu injinmu bai wuce awa biyu zuwa uku a rana ba. Har na karɓi katan-katan na maƙwabta biyu na ajiye musu, ɗayansu da ya zo ɗauka sai da idonsa ya ciko.

Hunturu ya koya mana nasa darasin. A rana mai kyau farantan suna ba mu wajen yunit 260. Cikin Janairu na ga 190. Wani ɓangare hazo ne, wannan ba yadda za ka yi da shi. Wani ɓangaren kuwa ƙura ce da ta kwanta a kan gilashi har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Wanki sau biyu a mako ya dawo mana da fiye da rabin abin da muka rasa. Da sassafe ake yi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi a kan doguwar sanda, don zuba ruwan sanyi a gilashin da ya sha rana yana iya tsaga shi. A nan ma kamfanin ya gaza: sun jera farantan manne da juna, ba su bar hanyar da mutum zai taka ba. Ranar farko da na ga yaro ya durƙusa a gefen kwano yana miƙa hannu, ƙafarsa ɗaya a kan bakin indararo, sai na ce ya sauko. Sai da aka cire layi guda aka mayar da shi kan rumfar lodi, aka samu hanya.

Zafin bazara kuma batura ya taɓa. An ajiye su ne a wani ɗaki mai rufin kwano ba silin, jikin ɗakin janareto. A watan Afrilu, da zafin Kano ya haura digiri 40, cikin ɗakin ya zama tanda. Kowane batir yana da 'yar ƙwaƙwalwar da ke lura da shi, in ya yi zafi sai ta rage caji don kada ya lalace. Sai ga rana tana ƙwallewa amma batir bai cika ba har la'asar. Na yi silin, na toshe ɓangaren janareto, na saka ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki. Tana cin nata yunit ɗin, amma zafi shi ne abin da ya fi rage wa batir kwana, ba na kuma son gwada hakan da kuɗina. Wannan irin litiyam ɗin ya fi sauran jure zafi da wuyar kama wuta, duk da haka na rataye tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, ba a kuma ajiye kwali ko jarka a ciki.

Na taɓa amfani da batura masu ruwa a gida, waɗanda ba a so a sha fiye da rabinsu, kuma shekara biyu suka yi suka gaji. Waɗannan an rubuta musu caji da sauka sau 6,000, wanda in sau ɗaya ne a rana ya haura shekara 16. Amma garantin da ke hannuna na shekara 5 ne, kuma da shi nake lissafi. Guda ɗaya ya fara nuna jar fitila a wata na takwas. Sun zo washegari sun cire shi daga layi, sauran suka ci gaba da aiki, wannan na yaba. Madadinsa kuwa sai da ya yi mako biyar kafin ya iso daga Legas. Kamfanin da ke sayar wa masana'antu kaya ya kamata a ce yana da ko guda biyu a ajiye a Kano.

Ta fuskar tsawa ban ga abin zargi ba. Sun binne sandunan tagulla, sun saka abin tare fizgar wuta a ɓangaren farantai da na layi, damina ta zo ta wuce ba abin da ya ƙone. A watan Agusta, in marka ta kwana biyu, janareto yakan koma aiki sosai. Ban ɗauki wannan a matsayin aibu ba, kuma ba zan ba kowa shawarar sayar da injinsa ba. Rana ba ta ɗauke mana nauyin duka, abin da ya rage wutar layi ke cikewa in tana nan, in babu inji ya tashi. Abin da ya burge ni shi ne in ya tashi ba ya yawo da rabin kaya kamar da, yana ɗaukar ɗakuna yana cajin batir lokaci guda, ya yi awa biyu ya kashe kansa.

Idan na haɗa watannin duka, gas ɗinmu ya dawo lita 10 zuwa 15 a rana. Canjin mai da tacewa da muke yi duk bayan mako biyu ya koma na watanni. A azumin 2025, da ya faɗo cikin Maris, mun sayar da ƙanƙara fiye da kowace shekara, don lokacin da ake layin saye shi ne lokacin da rana ta gama yi mana aiki. A lissafina kuɗin zai dawo cikin shekara uku zuwa huɗu, in Allah ya kiyaye kayan.

Abu guda ya rage tsakanina da su. Lambar sirrin shiga saitin inbata tana hannunsu, sun ce don kada a taɓa a ɓata garanti. Na fahimci dalilin, amma ranar da nake son ɗaga ajiyar batir saboda mota biyu za su iso da dare, sai da na jira awa shida kafin wani ya amsa waya. Na ce musu su kawo mini farashin ƙarin batura shida kafin azumi mai zuwa, su kuma rubuta mini yadda za su daidaita sababbi da tsofaffi. Na gaya wa manajansu a gaban injiniyan cewa ba zan sa hannu ba sai an koya wa ƙanena saitin, an kuma ba shi lambar.