Star Trek: Discovery da fuskar Klingon da aka binne cikin roba

Duk wanda ya saba kallon Star Trek yana gane Klingon, wata al'ummar mayaƙa ta wata duniya, tun daga nesa: goshi mai tudu-tudu, gashi har kafaɗa, gemu, da kakkaurar murya irin ta Worf, wanda Michael Dorn ya fara fitowa a matsayinsa a 1987. Shi ya sa da Star Trek: Discovery ya fito a watan Satumba na 2017, babu abin da ya tayar da ƙura tsakanin masoya shirin kamar sabuwar kamar da aka ba Klingon. Na kalli shirin, na fi zuba ido a zango na ɗaya da na biyu inda Klingon suke, kuma har yanzu abin yana ci mini rai.

A ba shirin haƙƙinsa tukuna. An kashe kuɗi, kuma kuɗin ya fito a allo. Hasken, jiragen, faɗan sararin samaniya, duk sun kai na sinima. Sonequa Martin-Green ta riƙe matsayin Michael Burnham da gaske. Labarin kuma mai nauyi ne: kimanin shekara 10 kafin zamanin Kyaftin Kirk, jarumin Star Trek na asali, wani mai suna T'Kuvma ya tashi haɗa kan gidajen Klingon 24 ta hanyar yaƙi da Tarayya, wato ƙawancen duniyoyin da 'yan Adam ke ciki, yana tsoratar da su cewa cuɗanya da baƙi za ta shafe asalinsu.

To amma wane Klingon aka nuna mana? Kai ƙwal babu gashi ko ɗaya, ƙoƙon kai ya miƙe baya, hanci mai ƙarin ƙofofi, fata launin toka ko shunayya, yatsu masu ƙumba, sulke duk ƙayoyi. Neville Page da Glenn Hetrick ne suka tsara kamar, bisa umarnin Bryan Fuller, wanda ya ƙirƙiri shirin tare da Alex Kurtzman kuma ya nemi a cire musu gashi.

Masu kare wannan sauyi suna da hujja, kuma ban raina ta ba. A 1967, da Klingon suka fara bayyana, mutane ne kawai da aka shafa wa duhun kwalliya aka manna musu gira da gemu. Tudun goshi sai a fim ɗin 1979 ya zo, lokacin da kuɗi suka samu. Kenan sauya kama ba baƙon abu ba ne a gidan. Sai dai akwai abin da suke tsallakewa. A 1996 shirin Star Trek: Deep Space Nine ya taɓo bambancin da kansa, inda Worf ya ce ba sa tattauna zancen da bare. A 2005 kuma shirin Star Trek: Enterprise ya ware kashi biyu ya bayyana cewa wata ƙwayar cuta ce ta shafe tudun goshin wasunsu. Daga ranar, kamar Klingon ta zama ɓangaren labari, ta daina zama zaɓin mai kwalliya kawai. Discovery ya zo ya zauna daidai tsakanin zamanin labarin Enterprise da zamanin Kirk da kama ta uku, bai ce uffan ba.

Duk da haka, da wannan ne kaɗai da na haƙura. Abin da ya fi damuna shi ne abin da robar ta yi wa 'yan wasan. Duba jawabin T'Kuvma a kashi na farko. Chris Obi yana iya ƙoƙarinsa, amma leɓunansa da ƙyar suke motsi, kumatun a sandare, haƙoran da aka sa masa sun tare harshe. Yana magana da yaren Klingon, wanda Marc Okrand ya gina tun shekarun 1980, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai magana da goro cike da baki. Kai kuma idonka na ƙasan allo kana karanta fassara. In ka ɗago, fuskar ba ta gaya maka ko fushi yake ko baƙin ciki. Klingon ɗin da muka sani masu ƙyaƙyata dariya ne, masu waƙa a wurin shagali, masu zare ido in an taɓa mutuncinsu. Nan duk an rufe. Mary Chieffo, wadda ta fito a L'Rell, ita ce ta fi samun hanyar fita, domin da idanunta take wasa, kuma na tausaya mata ganin yawan aikin da take yi kafin kaɗan ya iso gare mu.

Kuma a cikin shirin nan ɗaya akwai shaidar cewa ana iya yi da kyau. Doug Jones ma a rufe yake ruf a matsayin Saru, amma robarsa tana bin motsin fuskarsa. In tsoro ya kama shi za ka gani a bakinsa, da yadda yake karkata kai, da yadda hannayensa ke lilo a bayansa in yana tafiya. Saru ne na fi ƙauna a duk shirin.

Wani ɓangare na matsalar daga bayan fage ya taso. Fuller ya sauka daga jagorancin shirin a watan Oktoba na 2016, kusan shekara guda kafin a fara haska shi, bayan saɓani da kamfanin talabijin na CBS kan kuɗi da tsarin da yake so. Gretchen Berg da Aaron Harberts suka gaji kamar da ba su suka nema ba, su ma aka sallame su a 2018. Da zango na biyu ya zo a 2019, sai ga ja da baya a fili: gashi ya dawo, aka ce wai Klingon kan aske kai ne lokacin yaƙi. Wannan bayani bai gamsar da ni ba, don mun ga Klingon suna yaƙi shekara da shekaru a Deep Space Nine da gashinsu. Amma fuskar L'Rell ta ɗan sake, kuma wasanta ya ƙara fitowa. A zangon ne ma Kyaftin Pike, shugaban jirgin Enterprise, ya ba da umarnin a cire na'urar magana ta hoton haske daga jirgin, na'urar da ita ma masu kallo suka yi ƙorafi a kanta. Zango na uku ya tsallaka gaba da fiye da shekara 900, ya bar rigimar a baya. Da Klingon suka bayyana a shirin Star Trek: Strange New Worlds a 2023, da gashinsu da goshin da aka sani suka zo.

Wanda bai taɓa kallon Star Trek ba zai ji daɗin Discovery fiye da ni, domin ba shi da Worf a ransa da zai riƙa kwatantawa. Tsohon mai kallo kuma ina ba shi shawarar ya daure wa kashi 15 na zangon farko saboda Saru da Burnham, zango na biyu da Anson Mount a matsayin Pike ya fi sauƙin shiga rai nesa ba kusa ba.