Lambun Kew na Landan: yinin da muka yi da Inna

Wata biyu Inna ta yi a wurina a Landan bayan aikin da aka yi mata a gwiwa, kuma duk tsawon lokacin nan magana ma sai an matsa mata take yi. Daga gado sai bakin taga. Likita ya ce ta riƙa taka ƙafar kaɗan-kaɗan, amma hayaniyar titi tsoro take ba ta. Ranar wata Asabar cikin watan Yuli na ce yau kam sai mun fita. Ni da ita da yarana biyu muka hau jirgin ƙasa zuwa Lambun Kew, can kudu maso yammacin birnin.

Ana biyan kuɗin shiga, kuma ya fi sauƙi mutum ya yanki tikitinsa ta intanet tun daga gida. A ƙofa aka ba mu aron keken tura marasa lafiya, ya kuwa yi mana rana, don lambun ya haura eka 300. Tun 1759 aka kafa shi, a 2003 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ba a shiga da keken hawa, ba a buga ƙwallo, saboda haka tsoho zai iya tafiyarsa ba mai bangazarsa. Wannan kaɗai ya sa hankalina ya kwanta.

Inda muka fi daɗewa shi ne gidan gilashin da ake kira Palm House, wanda aka gama ginawa a 1848, duk ƙarfe da gilashi. Muna tura ƙofa ɗumi da laima suka buge mu, tabarau ɗin Inna ya yi hazo. Ta cire ta goge da bakin mayafi, ta ɗaga kai, sai ga ayaba da kwakwar manja sun kusa taɓa rufi. Kawai sai na ga ta dafa keken ta miƙe. Ta shiga nuna wa jikokinta ganye ɗaya bayan ɗaya, wannan ta san shi, wancan ba ta taɓa gani ba, su kuma suna karanta mata ɗan allon da aka kafa a gindin kowace shuka, mai ɗauke da sunanta da ƙasar da ta fito. A can gefe akwai wata shuka a cikin katon mazubi, wadda aka kawo daga Afirka ta Kudu a 1775, har yau da ranta. Tsufa ya sa ta kwanta, an tokare ta da ƙarafa. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Allah mai iko. Ita ma ga sandarta."

Wata dattijuwar Baturiya da ke kusa ta tambayi abin da aka ce, na fassara mata. Ai kuwa sai hira ta ɓarke. Ta ce tun da mijinta ya rasu kusan kowane mako take zuwa, don a nan ne take samun wanda za ta gaisa da shi. Suka zauna kan benci ɗaya, ni a tsakiya ina tafinta, suna labarin ciwon gwiwa da jikoki. A ganina abin da lambun nan ya fi kowane wurin shaƙatawa da shi ke nan: abin kallon ba ya motsi, ba ya ƙara, don haka mutane na tsayawa, kuma in an tsaya tare magana ba ta wuya.

Yaran kuma gadar saman itatuwa ce ta tafi da su, mai tsayin mita 18 daga ƙasa, suka sauko suna haki suna rige-rigen ba da labari. Bado ma ya burge su, irin na Kudancin Amurka, ganyensa ya fi tabarma faɗi, bakinsa a tanƙware kamar tire. Akwai kuma wata doguwar hasumiya mai fasalin ginin ƙasar Sin, da aka gina a 1762, daga nesa muka hango ta, ƙafa ta riga ta gaji.

Jiragen sama na yawan wucewa ta bisa, amma kunne kan saba. Kada kuma kowa ya ce zai zagaye wurin a yini ɗaya, musamman in da tsoho. A zaɓi wuri biyu ko uku, a sa takalmi mai daɗin tafiya, a zo da ruwa.

A jirgi kan hanyar komawa Inna ta taɓa hannuna ta ce, "Wancan ɗaya gidan gilashin da ba mu shiga ba fa?" A daren na yi mana rajistar shiga lambun ta shekara guda.