Wasiƙa daga Jamus: abin da hunturun 2022 ya nuna mini

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan babu abin da ke yankewa. Bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Da farkon zuwana na ɗauka ƙasar nan ba ta da lago. Sai ga yaƙin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022. Ashe fiye da rabin iskar gas da Jamus ke shigowa da ita daga Rasha take, kuma da ita ake ɗumama gidaje, da ita masana'antu ke aiki. A ƙarshen Agusta bututun Nord Stream, wanda ke kawo gas ɗin daga Rasha ta ƙarƙashin teku, ya daina kawowa ɗungurungum. Kuɗin ɗumama ɗakina ya tashi har sai da na riƙa kwana da rigar sanyi biyu. Gwamnati ta hana ɗumama ofisoshinta fiye da digiri 19. Man girki ma ya yi wuya a kantuna, wasu suka ƙayyade kwalabe nawa mutum zai ɗauka, domin Yukiren ce babbar mai sayar da man sunflower. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, ƙasa mai wannan arziki ta rataya rayuwarta a kan igiya ɗaya.

Amma sun burge ni wajen gyara. Cikin 'yan watanni suka gina tashar sauke gas daga jiragen ruwa a garin Wilhelmshaven da ke bakin teku, aka buɗe ta a Disamba. Tsawon wata uku aka sayar da tikitin bas da ƙananan jiragen ƙasa a kan Yuro 9 kacal a wata, don mutane su ajiye motocinsu. Daga baya ya koma Yuro 49, wanda nake zuwa aiki da shi ke nan, ko da yake an ƙara masa kuɗi. Jiragen kam suna yawan makara, kada wani ya ruɗe ka. A 2023 fiye da rabin lantarkin da ƙasar ta sha daga iska da rana da makamantansu ya fito. Maƙwabciyata, tsohuwa ce, ita ma ta rataya faifan sola biyu a barandarta.

Na leƙa Faransa wajen wani aboki. Su nukiliya ce ke ba su kusan kashi biyu cikin uku na wuta, na ce to waɗannan sun huta. Ina! A 2022 ɗin nan aka rufe tashoshinsu da dama don gyara saboda tsatsar da aka gano a bututunsu, har suka koma sayen wuta daga maƙwabta. Abin da na fi so a can shi ne makin da aka fara liƙa wa waya ko kwamfuta a kanti a 2021, mai nuna sauƙin gyaranta idan ta lalace. A nan Jamus kuma idan ka mayar da robar ruwa cikin na'ura, yawanci za a dawo maka da santi 25 na Yuro, shi ya sa da wuya ka ga an yar da ita.

Kuɗin da na turo, don Allah a fara da sola da batir kafin gyaran ɗakin, kamar yadda muka yi magana. Ka gaida Inna da su Yaya Babba, a sa ni a addu'a.

Ƙaninka.