Wata uku ina tashin Crazyflie 2.1 a cikin ɗaki

Na sayi wannan ƙaramin jirgi mara matuƙi ne domin gwada yadda zai sarrafa kansa a wurin da siginar GPS ba ta shiga, wato ƙarƙashin rufi da tsakanin bango biyu. Kamfanin Bitcraze da ke birnin Malmö na ƙasar Suwidin ne ya ƙera shi, nauyinsa bai kai giram 30 ba, kuma manhajarsa a buɗe take ga duk mai son gyara ta.

Na ɗora masa faifai biyu, wato ƙananan allunan lantarki masu na'urorin awo. Flow deck yana kallon ƙasa, yana auna tsayi da hasken leza, yana kuma lura da yadda zanen daɓe ke gudu a ƙarƙashinsa don ya gane ko ya gusa. Multi-ranger kuwa yana auna nisan gaba, baya, dama, hagu da sama har kusan mita 4. Da 'yan layukan Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, na umarce shi ya bi wani siririn lungu, ya riƙe tazarar rabin mita daga bango, kuma ya bi umarnin ba tare da na taɓa komai ba, abin da ya ba ni mamaki ganin ƙanƙantarsa.

Darasin da ya fi zauna mini a kai ya fito ne daga iska. A wuri mai ƙunci, iskar da farfeloli huɗun ke turawa ƙasa tana bugun daɓe da bango ta dawo kan jirgin, sai ya riƙa rawa. Idan ya matsa kusa da silin, matsin iskar da ke samansa yakan ragu, sai a ga kamar an ja shi sama ya manne. Sau biyu hakan ya faru da ni, kuma laifina ne, domin ban sa masa iyakar tsayi ba.

Kowace na'ura mai dogaro da kallon daɓe tana son haske da zane, don haka na shimfiɗa tabarma mai launi a kan tayil mai sheƙi, nan take ya daina zamewa. Batirinsa na ɗaukar kusan minti 7 a sama, shi ya sa nake ajiye guda huɗu cike da caji kafin na fara gwaji. Ga ɗalibin injiniya da ke koyon sarrafa jirgi, kuɗin da na kashe bai tafi a banza ba.