Famasin da aka ja ni gefe kafin a tambaye ni

Wata shida ke nan da na daina sayen maganina a kemis ɗin unguwarmu, na koma wani famasi da ke bakin babban titi, a hanyata ta dawowa daga makarantar da nake koyarwa a nan Kano. Kuɗin adaidaita sahu ya ƙaru a kaina, kuɗin magani ma ya ƙaru, amma ba na jin zan koma. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni dalili a ɗakin malamai, na fara ba ta labari sai aka kaɗa ƙararrawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da abin da na yaba da abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina da hawan jini tun haihuwar ɗana na uku. Likita ya ɗora ni a kan lisinopril, ƙwaya ɗaya kullum da safe, yau shekara huɗu. A kemis ɗin unguwa nake saye, wurin wani bawan Allah da muka sani tun yana yaron shago. Mutumin kirki ne. Yana ba da bashi, kuma idan yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare ka buga masa ƙofa zai buɗe. Sai dai shagonsa ɗaki ɗaya ne, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, ga benci a bakin ƙofa da ba ya rabo da majalisa: mai cajin waya, 'yan acaɓa, da dattawa masu jiran sallar isha'i. Duk abin da ka furta a ciki, na kan benci sun ji.

Ranar da abin ya faru, al'adata ta yi jinkirin kwana 12. Na je bayan magariba, na karɓi lisinopril ɗina na wata, sannan na rage murya na ce ina son tsinken gwajin ciki. Ƙarar janareta ta hana shi ji. Na maimaita. Sai ya juya wajen yaronsa da ke can ƙurya ya ɗaga murya: "Kai, miƙo wa Malama abin gwajin ciki, yana nan ƙasan Panadol!" Matar maƙwabcinmu tana tsaye a bayana da goyo. Na san ba da mugunta ya yi ba. Amma washegari, kafin a tashi makaranta, surukata ta kira ni a waya tana yi mini barka. Mijina yana Kaduna wurin aiki, ko shi ban gaya wa ba. Shekarata 39, na yi ɓari sau biyu, kuma duk macen da ta taɓa yin ɓari ta san dalilin da ya sa ake rufe ƙaramin ciki har sai ya yi ƙwari. A banɗakin makaranta na yi kuka ran nan.

Bayan kwana biyu ciwon kai ya matsa mini. Ƙafata ta ƙi zuwa kemis ɗin, sai na ce wa mai adaidaita ya sauke ni a famasin da nake wucewa kullum, mai koren kuros da alamar Rx a saman ƙofa.

Abin da na fara lura da shi wani jan layi ne da aka manna a ƙasa, taku biyu daga kantar gilashin. Mai jira yana tsayawa bayan layin har wanda ke gaba ya gama. Na ga wani saurayi ya tsallake, mai gadi ya ce masa, "Yallaɓai, ɗan dakata nan tukuna," ya koma ba gardama. A bango akwai takardar rajistar shagon daga hukumar PCN, wadda ke kula da harkar famasi a Najeriya, da lasisin ita mai kula da wurin, duk a cikin firem. Da layi ya zo kaina na ce a ba ni ibuprofen na ciwon kai da folik asid, ƙwayar da masu juna biyu ke sha. Yarinyar da ke sayarwa ba ta ce komai ba, ta dubi wata mata mai farar riga a kan hijabi da ke zaune gefe. Matar ta taso, ba ta kai ni shekaru ba, ta matso kusa ta ce a hankali, "Anti, don Allah ko za ki zo nan ciki minti biyu?"

Ɗan ɗaki ne da aka yanka da katako a kusurwar shagon. Kujera biyu, ƙaramin tebur, abin awon jini, sikelin nauyi, fanka. Ta rufe ƙofa, ta gaishe ni, ta tambayi gida da yara, sannan ta ce ita ce masaniyar magunguna ta wurin, kuma ganin magungunan nan biyu tare ne ya sa take son ta yi mini tambaya, in ban so amsawa ba babu laifi. Wa zai sha? Ni. Kina da gyambon ciki? Babu. Akwai maganin da kike sha kullum? Na ce lisinopril. Yaushe rabonki da al'ada? Na yi shiru kaɗan, sannan na gaya mata gaskiya.

Ta ajiye biron da ke hannunta. Ba ta tsorata ni ba, amma ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce lisinopril da danginsa ba a shan su da juna biyu, domin suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, musamman idan ciki ya wuce wata uku. Ta ce ibuprofen ma ba nawa ba ne yanzu, yana iya ɗaga jini kuma ba a son shi ga mai ciki, farasitamol za ta ba ni. Ta auna ni, jinin ya nuna 150 bisa 95. Ta rubuta awon da sunan maganin a takarda, ta ninke ta miƙo mini ta ce, "Anti, ba ni zan canza miki magani ba, aikin likita ne. Amma kada ki kwana ba ki gan shi ba." Daga nan asibiti na wuce. A yammacin nan likita ya mayar da ni kan methyldopa, ya ba ni ranar fara awo. Yanzu ciki yana cikin wata na takwas, hoton da aka yi makon jiya ya nuna komai lafiya, alhamdu lillahi.

Har yau idan na tuna cewa lisinopril da tsinken gwajin ciki a leda ɗaya aka ƙulla mini su a kemis ɗin unguwa, sai jikina ya yi sanyi. An sanar da rabin layinmu abin da na saya, amma ba a yi mini tambaya ɗaya tak da za ta amfane ni ba. Daga baya ne ma na fahimci cewa lasisin masu kemis irin nasa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, maganin hawan jini ba ya ciki. Ba na ɗora masa laifin rashin sanin abin da ba a koya masa ba. Da na samu natsuwa na je da rana, lokacin da bencin babu kowa, na gaya masa abin da maganarsa ta jawo. Ya dafe kai ya ce, "Wallahi Malama ban kawo komai a raina ba, ki yafe ni." Na yafe masa. Yarana har yanzu wurinsa suke sayo filasta da man zafi.

Ga abin da nake ta juyawa a raina tun ranar. Da a gaban mutane matar nan ta tambaye ni yaushe rabona da al'ada, da ƙarya zan yi mata. Cewa zan yi aike ne, na ƙanwata ne, in karɓi ibuprofen ɗina in tafi, gobe da safe in haɗiyi lisinopril kamar kullum. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Mu nan duk mun iya wannan. Mace mai ƙaiƙayin gaba ko fitar farin ruwa sai ta ce "maganin sanyi" a dunƙule, a ba ta ko me aka ga dama, alhali akwai wanda mai ciki ba ta sha, kamar ƙwayar fluconazole, na matsi ake ba ta. Magidanci mai neman maganin ƙarfin maza sai ya ce abokinsa ne ya aiko shi, saboda haka ba wanda zai tambaye shi ko yana shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sakawa ƙarƙashin harshe, kuma haɗa biyun yana iya faɗar da jini ƙasa warwas. Ina da gwaggo da 'yarta ke da farfaɗiya. Shekara da shekaru sai ta hau mota ta tsallaka gari ta sayo maganin inda ba a san ta ba, don kada magana ta fita ta hana yarinyar miji. Wasu kuma yaro suke turawa da 'yar takarda, yaron da ba zai iya amsa komai ba. Kunya a wurinmu tarbiyya ce, ba na son a cire mana ita. Abin da ɗakin katakon nan ya yi shi ne ya ba ni wurin da zan faɗi gaskiya ba tare da na zubar da ita ba.

Sauran abubuwan da na yaba ba su da yawa amma suna da muhimmanci. Baƙar leda suke sa magani a ciki, ba fara mai nuna komai ba. Firijin insulin da allurai yana kan sola, na duba da idona ranar da aka ɗauke wuta. Mai farar rigar ce kuma ta nuna mini lambar NAFDAC a jikin kwali, da wurin da ake kankarewa a wasu magunguna, irin na zazzaɓin cizon sauro, a tura lambar ta saƙon waya a tabbatar ba jabu ba ne.

To, ga inda suka gaza, kuma na gaya musu baki da baki.

Mai karɓar kuɗi tana tambayar lambar waya a gaban kowa, ta kuma maimaita ta da ƙarfi tana bugawa a kwamfuta. Ba a ce mini don me ba. Bayan wata ɗaya sai ga saƙo a wayata da sunan shagon, cewa methyldopa da maganin ƙarin jini na masu juna biyu da na saya sun kusa ƙarewa. Wayar tana hannun ɗana ɗan shekara 14, yana duba aikin makaranta. Gidaje nawa ne ake amfani da waya ɗaya tsakanin miji da mata, ko kishiya take ara? Da maganin tsarin iyali ne, ko na ƙanjamau, ko na taɓin hankali, saƙo ɗaya irin wannan ya isa ya rusa gida. Na koma na ce musu dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, kuma tun 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ce bayanin ciwon mutum da maganinsa sirri ne. Sun ba ni haƙuri, sun cire lambata nan take. Na roƙe su su riƙa tambayar mutum tukuna ko yana son saƙon, kuma a daina rubuta sunan magani a ciki.

Katakon ɗakin kuma bai kai rufi ba, akwai kamar kamu biyu a buɗe ta sama. Wata rana ina tsaye a bayan jan layin na ji muryar wani dattijo daga ciki yana bayanin yadda fitsari ke yi masa wuyar fita. Kurma-kurma ne, sai da mai farar rigar ta ɗaga murya. Na matsa can wajen sabulai don kada in ji saura. Wannan gyaran bai fi aikin kafinta na yini ɗaya ba.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Matar nan tana nan daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma ne kawai. Bayan magariba, wanda shi ne lokacin da yawancin matan aure ke samun fita, samari biyu ne ke tsaron wurin, ɗakin kuma a kulle. Sau ɗaya na je da dare, na ji ɗaya yana ce wa ɗayan daga nesa, "Akwai sauran na basir ɗin nan na cusawa?" Mutumin da ya tambaya ya sunkuyar da kai yana latsa waya. A lokacin nan babu abin da ya bambanta su da kemis ɗin unguwa sai sanyin na'ura. Kuɗin kuwa, a kan magungunana na wata nakan biya ƙarin kusan naira 1,500 a kan abin da zan biya a cikin unguwa, ga kuɗin mota. Ga malamar makaranta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka, wadda za ta iya zuwa da rana, ina ba ta shawara ta je, ta nemi ganin mai farar rigar, ta ce tana son magana a ciki. Ba a biyan ko sisi don shiga ɗakin.

Makon da ya wuce surukata ta zo mana kwana biyu. Na lura tana yawan tashi cikin dare, da safe kuma tana wanke zanenta da kanta ba ta bari yara su taɓa. Na ce, "Hajiya, zan je karɓo maganina, ko za ki raka ni ki sha iska?" Ta ɗauki mayafi. Da muka isa na raɗa wa matar cewa Hajiya na son ganinta. Ta fito da kanta, ta rusuna ta ce, "Mama, sannu da zuwa, bismillah," ta kama hannunta suka shiga. Ni na zauna a kujerar bakin ƙofar shago, nesa da katakon. Sun fi minti ashirin a ciki. Ta fito da baƙar leda da ninkakkiyar takarda a hannu, ta ce ranar Litinin in sa a kai ta asibiti. Na ce to, Hajiya, Allah ya kai mu. Muka tari adaidaita muka koma gida.