Wata shida da protokol na Clojure, da daren da recur ya shanye mini sharji

Wata shida ke nan ina rubuta wa kawuna ƴar manhajar lissafin kaya da Clojure, wani yaren rubuta manhaja. Sari yake sayarwa a Kasuwar Dole: sabulu, madara, tumatirin gwangwani. Kayansa duk ƙunshi ne cikin ƙunshi, katan cike da dozin, dozin cike da ƙwaya, wani lokaci ma dila ce da katan-katan a cikinta. Abin da yake so bai da yawa: in ya nuna ƙunshi, kwamfuta ta faɗa masa abin da ke can ƙuryar ciki da kuɗinsa da sefa.

Rich Hickey ne ya fito da yaren a 2007, a kan injin Java yake gudana, protokol kuma ya shigo a siga ta 1.2 a 2010. Protokol ɗin nan ne ya ja ni. Sai ka ambaci sunan aiki sau ɗaya, kowane irin abu ya kawo tasa hanyar yin sa, har irin da ba kai ka ƙirƙira ba, kamar rubutun Java ko nil (wato "babu komai" a Clojure), ba tare da ka taɓa asalinsa ba. Ranar da Kawu ya fara kawo shinkafa, layi huɗu na ƙara, buhu ya shiga lissafi, sauran kuma ko motsi. A nan kam na ba shi hannu.

Inda muka saɓa shi ne wajen kiran-kai. Na yi wani aiki mai suna asali: in an ba shi katan ya kira asali a kan abin da ke ciki, dozin ma haka, ƙwaya kuma ta ce ga ni. Yana tafiya lafiya lau. Sai karambani ya motsa. Na san injin Java ba ya sauke nauyin kiran da ya zo a ƙarshen aiki, kira yana hawa kan kira har tulin ya cika, shi ya sa Clojure ke da recur, hanyar maimaita aiki ba tare da tara kira ba. Na ce bari in gyara abin da bai lalace ba. Cikin defrecord na katan, wato inda aka ƙirƙiri irin katan tare da ayyukansa, na maye gurbin kiran da (recur (:ciki k)), k shi ne katan ɗin, :ciki kuma abin da ke cikinsa. Kompila, mai juya rubutu zuwa abin da inji ke ganewa, ya ƙi, ya ce adadin abin da na miƙa bai daidaita ba, sifili yake jira na ba shi ɗaya. Maimakon in tsaya in tambayi dalili, na kwashe aikin na mayar cikin extend-protocol, inda ake ba iri aikinsa daga waje, da ma ina so ayyukan su taru wuri guda. Layin nan, ko harafi ban canza ba, ya wuce salin-alin.

Daren an ɗauke wuta, ina zaune ƙofar gida a Birni, ƴan fadarmu suna kan shayi na biyu. Na gwada da katan ɗin sabulu. Shiru. Babu amsa, babu saƙon kuskure, sai fankar kwamfuta da ta kama huci kamar kabu-kabu a hawa. Na katse, na sake, na sake. Kafin in gane ba sanyin injin ba ne, sharji ya kusa ƙarewa.

Da safe macroexpand, mai nuna abin da rubutu ke juyewa ya zama, ya warware mini komai. Abin da ka rubuta cikin defrecord yakan zama ainihin aikin aji na Java, kuma a can recur ba ya karɓar abin da aikin yake kansa, shi ake sa maka, ba ka da ikon musanya shi. An ma rubuta haka ƙarara a bayanin defrecord da deftype da reify, ni ne ban karanta ba. Amma extend-protocol yakan juye zuwa extend, ya mayar da kowane aiki fn, wato aikin Clojure na yau da kullum, cikin taswira mai haɗa suna da aiki. A wurin fn, abu na farko bai fi sauran daraja ba, recur yana iya canza shi. Sai dai recur ba kira ba ne, tsalle ne zuwa kan aikin da kake ciki. Ba ya komawa wurin protokol a sake duba wane iri ne ya zo. Don haka dozin ya shiga hannun aikin katan, ƙwaya ma haka, aka nemi cikin ƙwaya aka sami nil, aka nemi cikin nil aka sami nil, aka yi ta juyawa kamar raƙumin ban-ruwa. Tuli bai cika ba balle ya fashe ya ba ni labari. Abin haushi, da na karanta filin ciki na katan da salon Java ne, da ya tsaya nan take da kuskuren iri, tunda extend-protocol yakan liƙa wa abu na farko alamar irinsa. Sauƙin halin kalmar :ciki, mai mayar da nil ba gardama, shi ya rufa wa kuskuren asiri.

Rabin laifin nawa ne, na yarda. Amma rubutu iri ɗaya a wuri biyu, ɗaya a ƙi shi, ɗaya a karɓa da wata ma'ana, kuma babu gargaɗi a bayanin extend-protocol, wannan tarko ne ga sabon shiga. Sauran ƙorafina ƙanana ne: tashin injin Java yana da nawa a tsohuwar kwamfuta, sauko da laburare a karon farko kuma ya ci mini forfe na intanet.

Na mayar da kiran yadda yake tun farko. Zurfin kayan Kawu bai wuce hawa huɗu ba, tulin kira ko a jikinsa. Na bar nil ba tare da aikin asali ba da gangan, don ya yi ƙara in ya bayyana, kuma ko ka shimfiɗa protokol a kan Object, uban dukkan ajin Java, ba ya rufe nil.

Mako biyu bayan haka nil ya yi ƙarar, a kan wani katan ɗin madara da yaron shago ya shigar bai rubuta abin da ke ciki ba. Na ce, "Kawu, ga wani katan nan babu komai a cikinsa." Ya ce, "Kai ɗan nan, je ka ɗaga shi ka ji."